Katin Sadarwa Ɗaya, Adireshi Da Yawa: Amfaninsa Da Haɗarinsa A Ofisoshinmu

A ƙarshen wani wata, shekaru kaɗan da suka wuce, na shiga ofishin kuɗi na wata ma'aikata domin bin sawun wata takarda, sai na tarar da ofishin ya yi tsit kamar gidan makoki. Kwana uku ke nan kwamfutar da ke aika jadawalin albashi zuwa baitulmali ta kasa aikawa. Ba wuta aka ɗauke ba, ba waya ce ta tsinke ba, domin kuwa kwamfutar tana buɗe shafukan intanet, tana kuma buga takarda yadda ta saba. Babbar kwamfutar baitulmali ce kaɗai ta ƙi sauraronta. Babban akanta, wani dattijo da ya kusa ritaya, ya tsare saurayin da ke kula da injunan ofishin yana ce masa, "Kai yaro, gaya mini gaskiya, me ka cire a cikin injin nan?" Shi kuwa sai rantsuwa yake yi, yana cewa, "Ranka ya daɗe, wallahi ban cire kome ba. Ƙari ma na yi."

Gaskiya kuwa ya faɗa. Abin da ya ƙara shi ne adireshi na biyu a kan katin sadarwa na wannan kwamfuta, aikin da ba ya cin minti biyu, wanda kuma masu wannan sana'a suke yi kullum a ko'ina cikin duniya ba tare da kome ya ɓaci ba. Yadda wannan ɗan ƙari ya tsare albashin jama'a zai zo a gaba. Amma kafin nan wajibi ne mai karatu ya san mene ne adireshin kwamfuta, domin mafi yawan masu aiki da ita sun ɗauka cewa kowace kwamfuta adireshi ɗaya tak gare ta, kamar yadda kowace mota ke da lamba ɗaya. Ba haka abin yake ba, kuma tun asali ba haka aka tsara shi ba.

MUTUM DABAM, MUƘAMI DABAM

Kwamfuta tana magana da 'yan'uwanta ne ta wata ƙofa da ake kira katin sadarwa. A injunan da, kati ne sosai wanda ake buɗe akwatin injin a soka shi. A na yanzu an haɗa shi da jikin injin tun daga masana'anta, abin da ido ke gani sai ramin da ake cusa waya, ko kuwa babu ramin ma sam in na waifai ne. Kowane kati yana zuwa da lambar da maƙeransa suka ba shi, mai gurbi 48. Gurbi shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin lissafin kwamfuta, watau ko dai sifiri ko ɗaya. Rabin farko na lambar bisa al'ada yana nuna kamfanin da ya ƙera katin, rabi na biyu kuwa shi ke bambanta shi da sauran katunan wannan kamfani. Tsarin ya samo asali ne daga hanyar haɗa injuna da waya mai suna Ethernet, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙago a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka cikin 1973, aka kuma fitar da ƙa'idarta ga sauran maƙera a 1980.

To, amma wannan lamba ta kati ba ta wuce cikin gida. Saƙon da zai tashi daga Kano zuwa Legas ko Landan sai da wata lamba dabam, ita ce adireshin intanet, wanda masu sana'ar ke kira IP. Tsarin da aka fi sani, watau tsari na huɗu, an bayyana shi ne a watan Satumba na 1981 cikin wata takardar ƙa'ida da Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya tace, aka fara aiki da shi gadan-gadan ranar 1 ga Janairu, 1983. Adireshin yana da gurbi 32, ana rubuta shi kashi huɗu da ɗigo a tsakani, kowane kashi daga 0 zuwa 255, alal misali 192.168.1.20. Ba a masana'anta ake ba da shi ba. Mutum ne ke rubuta shi cikin saitin injin, ko kuwa wata na'ura mai rabon adireshi ta ba da aronsa, kuma ana iya goge shi a sa wani a kowane lokaci.

Ma'aikacin gwamnati ba zai sha wahalar fahimtar bambancin lambobin nan biyu ba, domin kullum yana ganin irinsa. Wasiƙar aiki ba a aika ta da sunan mutum, da sunan muƙami ake aika ta: Babban Sakatare, Daraktan Kuɗi, Sakataren Kwamitin Kwangila. Lambar kati ita ce mutumin, adireshin intanet kuwa shi ne muƙamin. Ana iya yi wa mutum canjin wurin aiki muƙamin ya koma hannun wani, ana kuma iya ɗora wa mutum ɗaya muƙami biyu ko uku, yana riƙe da nasa yana riƙon ƙwaryar na wasu.

Saura kuma yadda wasiƙa ke gane teburin da za ta sauka. Wannan ma akwai ƙa'idarsa, wadda David Plummer ya rubuta a 1982. Idan kwamfuta tana da saƙon da za ta miƙa wa 192.168.1.20 a cikin ofis guda, sai ta yi shela a kan waya, kowane kati yana ji, ta ce mai wannan adireshi ya faɗi lambarsa. Katin da aka ɗora wa adireshin sai ya amsa, sauran su yi shiru. Kamar dai masinja ne ya shigo babban ofis da ambulan a hannu yana tambayar wane ne jami'in sufuri, wani ya ɗaga hannu. In ya sake zaro wata ambulan ya tambayi wane ne jami'in sito, mutumin nan dai ya sake ɗaga hannu, masinja ba ruwansa, miƙa masa zai yi ya wuce. Babu inda ƙa'idar ta ce kati ba zai amsa sau biyu ba. Wannan shi ne dukan sirrin ɗora adireshi da yawa a kan kati ɗaya. Har ma ita takardar 1981 ɗin ta faɗa a fili cewa lalle a yi tanadin da zai ba inji ɗaya damar ya zama tamkar injuna da yawa, kowace ƙofarsa tana ɗauke da adireshi fiye da ɗaya. Watau ba wata dabarar bayan fage ba ce da 'yan baya suka gano.

LOKACIN DA AKA YI WADAƘA

Abin da ya sa dabarar ta bazu shi ne zuwan shafukan intanet a farkon shekarun 1990, bayan Tim Berners-Lee ya ƙago tsarinsu a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janiba. A tsarin farko akwai wani giɓi. Idan mutum ya rubuta sunan shafi, manhajarsa takan tambayi kundin sunaye na intanet adireshin da ke ƙarƙashin wannan suna, sa'an nan ta je adireshin ta ce a ba ta shafin farko, ba tare da ta sake ambaton sunan ba. In shafi ɗaya ne a kan injin, babu damuwa. Amma kamfanonin da ke ajiye wa jama'a shafukansu ba za su iya sayen inji guda domin kowane abokin ciniki ba. Inji ɗaya ne, irin manyan nan da ake kira uwar garke, zai ɗauki shafukan kamfani ɗari ko ɗari biyu. To, yaya zai gane shafin wa ake nema? Hanya ɗaya ce ta rage, watau a ba kowane shafi adireshinsa, a jera su duka a kan kati ɗaya, injin ya riƙa duba ta wane adireshi aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. A tsarin Linux, inda katin farko ke amsa sunan eth0, sai a ga an jera eth0:0, eth0:1, eth0:2, har ido ya gaji.

An toshe giɓin a watan Janairu na 1997, sa'ad da sabuwar ƙa'idar neman shafi ta wajabta wa manhaja ta ambaci sunan shafin da take so. Daga nan adireshi ɗaya ya isa ya ɗauki shafi dubu. Sai dai matsalar ta sake ɓullowa ta wata kafa, wajen shafuka masu kulle, irin na bankuna da na ciniki. Irin waɗannan sukan nuna takardar shaidarsu tun kafin a kai ga ambaton suna, saboda haka kowannensu ya ci gaba da neman adireshin kansa. An samo maganin wannan a 2003, amma manhajar Internet Explorer da ke kan Windows XP ba ta taɓa koyon sabon tsarin ba, ga shi kuwa miliyoyin mutane na amfani da ita. Kamfanin Microsoft bai janye hannunsa daga Windows XP ba sai a watan Afrilu na 2014, saboda haka masu ajiye shafuka suka yi shekaru suna jibga adireshi a kan kati domin gudun rasa waɗannan masu ziyara.

Duk wannan ana yin sa ne daga rumbun da ke da iyaka. Gurbi 32 ba ya ba da fiye da adireshi 4,294,967,296, kuma akwai kaso mai yawa da aka keɓe domin wasu ayyuka. A farkon zamani, da ba wanda ya zaci abin zai game duniya, an yi ta kyauta da hannu biyu. Kamfanonin Apple da Ford da kuma jami'ar MIT kowannensu ya sami yanki mai adireshi 16,777,216. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011, hukumar IANA mai riƙe da babban rumbun ta raba manyan yankuna biyar na ƙarshe a wani taro a birnin Miami, ɗaya ga kowace hukumar yanki. Hukumar nahiyarmu, AFRINIC, wadda ke da hedkwata a tsibirin Morishus, aka kuma amince da ita a 2005, ita ce ta fi daɗewa da sauran ajiya, amma ita ma a 2017 ta shiga rabon tsimi.

Abin da ya yi ƙaranci kuwa sai ya yi kuɗi. A cikin 2011 ɗin nan Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya karye, a kan dala miliyan 7.5, watau dala 11.25 kowane ɗaya. Daga watan Fabrairu na 2024 kamfanin Amazon ya fara karɓar rabin kashi ɗaya cikin ɗari na dala a kowace awa a kan kowane adireshin fili da ya ba masu hayar injunansa, abin da ya kama kusan dala 44 a shekara. Wanda ya jera adireshin fili ɗari biyu a kan kati ɗaya a yau, sai ya yi wa mai biyan kuɗi bayani.

Adireshin da ke cikin ofisoshinmu dai galibi ba irin waɗannan ba ne. A 1996 an tabbatar da wasu yankuna uku domin amfanin cikin gida, watau masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Kowa na iya ɗauka kyauta ba da izinin kowa ba, domin ba sa fita waje. Idan saƙo zai fita, na'urar rauta da ke bakin ƙofa ce ke musanya su da adireshin fili guda na ma'aikatar. Kasancewarsu kyauta shi ya sa ake ɗaukarsu ba lissafi, nan kuwa yawancin rigimar ofis take farawa.

INDA DABARAR KE DA AMFANI A YAU

Duk wanda ya daɗe a aikin gwamnati ya ga an haɗe ma'aikatu biyu, ko an raba ɗaya gida biyu. Wata da watanni wasiƙu kan ci gaba da zuwa da tsohon suna, ofishin rajista kuma yana karɓa, har jama'a su saba da sabon. Haka abin yake ga injuna. Adireshi yana da ɓangare biyu, na farko yana nuna unguwa, na biyu yana nuna gida a cikin unguwar. Injunan unguwa ɗaya suna magana da juna kai tsaye, na wata unguwa kuwa sai ta hannun rauta. In aka haɗe ofisoshi biyu, kowannensu ya riga ya zaɓi unguwar 192.168.1, dole ɗaya ya tashi. Ba kuwa za a iya sauya injuna ɗari a dare ɗaya ba. Sai a ɗora wa uwar garke sabon adireshi tare da tsohon, waɗanda aka sauya su same ta ta sabon, waɗanda ba a kai gare su ba su same ta ta tsohon, ranar da aka gama a goge tsohon. A ganina wannan shi ne mafi kyawun dalilin yin abin, muddin dai an tuna da gogewar.

Akwai kuma na ɗan lokaci. Sabuwar rauta ko kyamarar tsaro takan zo daga kanti da adireshin da aka sa mata a masana'anta, kamar 192.168.0.1, wanda bai dace da unguwar ofis ba. Maimakon ma'aikaci ya goge adireshin kwamfutarsa ya yanke kansa daga kowa, sai ya ƙara mata na biyu a unguwar sabuwar na'urar, ya shiga ya gyara ta, ya fito.

Wanda ya fi ban sha'awa shi ne adireshi mai yawo. A wuraren da tsayawar aiki ke jawo asara, kamar banki ko asibiti, akan ajiye injuna biyu masu aiki iri ɗaya, kowanne da adireshinsa, sa'an nan a sami adireshi na uku wanda shi kaɗai jama'a suka sani. Babban injin ke riƙe da shi, yana kuma aika wa mataimakinsa alamar cewa yana raye. A wata ƙa'ida da aka fitar a 1998 mai suna VRRP, alamar tana fita kowace daƙiƙa, in mataimaki ya yi kamar daƙiƙa uku bai ji ta ba sai ya ɗauki adireshin ya ɗora a kan katinsa, ya yi shela cewa daga yanzu shi ke amsawa. Masu aiki da injin sau da yawa ba su ma san an yi sauyi ba. Muƙaddashi ke nan wanda ba ya jiran takardar naɗi.

YADDA AKE YI, DA INDA AKE TUNTUƁE

Yin sa ba wuya. A Windows, cikin saitin kati, a sashen tsari na huɗu, akwai maɓalli mai rubutun Advanced, a bayansa akwai wurin ƙara adireshi. Sai dai ba ya buɗewa in an bar injin yana karɓar aron adireshi daga na'ura mai rabo, sai an rubuta na farkon da hannu. A Linux layi ɗaya ne, ip address add 192.168.1.21/24 dev eth0, amma in ba a rubuta shi cikin fayil ɗin saiti ba, da an kashe injin an kunna ya ɓace. Masu Linux su kuma lura cewa a tsarinsa na asali, in aka goge adireshin farko na wata unguwa, sauran na wannan unguwar da ke kan katin duk sukan bi shi su tafi, sai fa in an kunna saitin da ke ɗaga na biyu ya hau gurbin na farko.

Karɓar saƙo dai ba shi da matsala, kati zai amsa kowane adireshin da aka kira. Matsalar tana wajen aikawa. Jami'in da ke riƙe da muƙami biyu, in zai rubuta wasiƙa, da wane muƙami zai sa hannu? Kowane saƙon da ya fita daga kwamfuta yana ɗauke da adireshin mai aikawa guda ɗaya, injin ne kuma ke zaɓa. A tsofaffin Windows na farko ake ɗauka. Amma tun daga Windows Vista aka sauya ƙa'idar zaɓen, ya zama ba lalle ne na farkon ba, sau da yawa ma mai ƙaramar lamba ne ke cin zaɓen.

Abin da ya faru a ofishin kuɗin nan ke nan. Wata tsohuwar kwamfuta da ake ajiye takardun hutu da na ƙarin girma ta mutu. Saurayin ya kwashe takardun ya zuba a kwamfutar albashi, domin kuma kada ya bi tebur-tebur yana sauya saiti, sai ya ɗora mata adireshin mamaciyar. Dabara ce mai kyau, ta kuma yi aiki, kowa ya ci gaba da samun takardunsa. Sai dai adireshin mamaciyar ya fi na albashi ƙanƙanta, injin ya koma sa hannu da shi. Can a baitulmali kuwa katangar tsaro an gaya mata adireshi ɗaya ne kaɗai ke da ikon kawo jadawalin wannan ma'aikata. Da ta ga baƙon adireshi sai ta watsar da saƙon, ba ta ko ce uffan ba. Tun makonni biyu kafin nan aka yi ƙarin, ba a gane ba sai da wata ya ƙare, shi ya sa ba wanda ya haɗa abu biyun. Sai da wani jami'in baitulmali ya duba littafin katangar ya karanto adireshin da ke ta ƙwanƙwasawa, sa'an nan saurayin ya dafe kai. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba, domin Windows yana da wata alama mai suna SkipAsSource da ake sa wa adireshi, ya riƙa karɓa amma kada a aika da sunansa.

Ban ga laifin saurayin sosai ba. Laifin da na gani shi ne a dukan ma'aikatar babu littafin da aka rubuta wane adireshi ke kan wane inji. Ma'aikatar da ba za ta fitar da kujera ɗaya daga sito ba sai an cika takarda kwafi uku, ita ce ta bar lambobin da albashinta ya dogara a kansu a cikin kan mutum ɗaya. Da an yi masa canjin wurin aiki a wannan mako, da sai Allah kaɗai ya san ranar da za a gano bakin zaren. Rashin irin wannan littafi shi ke haddasa rigima ta biyu da aka fi yawan gani, watau karo. Wani ya ɗora adireshi na biyu da hannu bai gaya wa kowa ba, na'ura mai rabo kuwa ba ta san an ɗauka ba, rana ɗaya sai ta ba wani injin aronsa. In masinja ya kira, mutum biyu su ɗaga hannu. Saƙo ya riƙa zuwa nan yanzu, an jima ya koma can, ma'aikata su yi ta zagin kamfanin intanet alhali ba ruwansa.

Akwai abu biyu da wasu ke tsammani daga wannan dabara waɗanda ba ta bayarwa. Ba ta ƙara sauri ko kaɗan, domin waya ɗaya ce, kati ɗaya ne, adireshi goma raba abin da ke akwai za su yi. Ba ta kuma ba da tsaro. Na sha ganin an sa injunan ofishin kuɗi a unguwa ɗaya, na ɗalibai ko baƙi a wata, alhali duk a kan waya ɗaya suke, ana ganin an raba su. Duk ɗalibin da ya karanta wannan shafi ya san abin da zai yi, watau ya ƙara wa katinsa adireshi a unguwar ofishin kuɗi ya shiga. Rabawa ta gaskiya sai da waya dabam, ko da tsarin VLAN da aka fitar da ƙa'idarsa a 1998, wanda ke sa akwatin da wayoyi ke haɗuwa a cikinsa ya hana shelar wani rukuni isa kunnen wani.

A TSARI NA SHIDA ABIN YA ZAMA AL'ADA

Tun kafin rumbu ya ƙare an hango ƙarewarsa. A watan Disamba na 1995 Steve Deering da Robert Hinden suka fitar da tsari na shida, mai gurbi 128, wanda yawan adireshinsa ya kai kimanin 340 da sifiri 36 a bayansa. Manyan kamfanonin intanet sun kunna shi dindindin ranar 6 ga Yuni, 2012, ko da yake har yanzu tsari na huɗu bai kau ba, tare ake tafiya da su. A sabon tsarin, kati mai adireshi da yawa shi ne abin da aka saba, ba wanda ke ɗora su da hannu. Kowane kati da kansa yake ƙirƙirar wani adireshi mai farawa da fe80, wanda ba ya wuce wayar da yake kai, da shi yake gaisawa da maƙwabta da rauta. Sa'an nan in rauta ta sanar da unguwa, sai ya haɗa wa kansa adireshin fili a cikinta.

Da farko ana gina adireshin filin nan ne daga lambar kati, sai aka lura cewa ta haka za a iya bin sawun mutum duk inda ya je da injinsa, domin wutsiyar adireshin ba ta sauyawa. A 2001 aka fito da adireshin wucin gadi, wanda injin ke ƙirƙira ba bisa wani tsari ba, yana sabunta shi bisa al'ada kowace rana, tsofaffin kuma su ɗan jima a kan katin kafin su faɗi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga kati ɗaya da adireshi huɗu ko biyar. Katangar tsaron da aka saba gaya mata adireshi ɗaya tak ba za ta yi aiki da irin wannan inji ba, sai dai a kashe masa na wucin gadin ko a ba shi tsayayye.

Mai karatun da ke son ganin nasa, in Windows gare shi sai ya buɗe tagar umarni ya rubuta ipconfig, in Linux ne ya rubuta ip address. A ƙarƙashin sunan kowane kati zai ga jerin adireshin da yake amsawa. Ko da kamfanin da ke ba shi intanet bai kunna tsari na shida ba, mai yiwuwa ne ya tarar da biyu, ɗaya mai ɗigo-ɗigo na tsari na huɗu, ɗaya kuma mai farawa da fe80.